Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Kai Ledar Piya Wata Ɗakin Karatu?

Yawancin wasiƙun wannan fitowa daga Kumasi suka zo, kuma sun taru a kan magana ɗaya, wato baje kolin ayyukan fasaha da ɗalibai suke yi a ɗakunan karatu na kwalejoji, inda ake umartar kowane ɗalibi ya zaɓi littafi ya karanta, sa'an nan ya ƙirƙiro wani abin kallo da kayan da aka gama amfani da su aka yar. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata tana shekara ta biyu a wata kwalejin horar da malamai a nan Kumasi. Tun da aka koma makaranta ta cika mana bayan ɗaki da ledojin piya wata da ƙyallayen da take roƙowa a wurin teloli, tana wankewa tana shanyawa, wai za ta ɗinka wani abu da za a rataye a laburaren makarantarsu. Maƙwabta sun fara tambayata ko tsintar bola na tura ta koyo. Da gumina nake neman kuɗin makarantar nan a kasuwar Kejetia. Shin wannan karatu ne, kuma akwai abinci a cikinsa?
Daga wani uba a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya yi wa nema albarka, Ya raya yarinyar. Karatu ne, matuƙar akwai littafi a ƙarƙashin aikin, akwai kuma malamin da zai tsayar da ita ya tambaye ta dalilin kowane ɗinki da ta yi. Yin aikin fasaha da kayan da aka yar ba baƙon abu ba ne a Kumasi, domin wasu daga cikin waɗanda suka fi shahara da shi a duniya a garin nan suka yi karatu. Sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) daga kwalejin Achimota ta Akra aka dawo da shi Kumasi a 1952, kuma a cikin waɗanda ya yaye akwai El Anatsui, wanda aka haifa a Anyako ta yankin Volta a 1944. Ya koma Najeriya a 1975, ya koyar a jami'ar Nsukka fiye da shekara talatin, kuma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne marafan kwalabe na alminiyam, waɗanda ake bajewa a huda a haɗa da siririyar wayar tagulla, dubbai a kan dubbai, har su zama wani makeken mayafi mai ƙyalli da ake ratayawa a bango. Yawancin marafan na kwalaben barasa ne, kuma da gangan yake aiki da su, domin barasa tana cikin kayan da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar tekun nan a zamanin cinikin bayi. A 2015 an ba shi lambar yabo ta aikin da ya yi tsawon rayuwarsa a babban baje kolin birnin Venis na Italiya, kuma an sayar da wasu ayyukansa a kan kuɗin da ya haura dala miliyan ɗaya kowanne.

Na biyu shi ne Ibrahim Mahama, mai fasahar da aka haifa a Tamale a 1987 (ba attajirin nan ɗan'uwan Shugaba John Mahama ba, suna ne ya zo ɗaya). Shi da buhunan algarara ya yi suna, waɗanda ake shigowa da su daga ƙasashen Asiya domin zuba 'ya'yan koko, daga baya su faɗa hannun masu hatsi, a ƙarshe su ƙare a wurin masu gawayi, sun yi baƙi, sun sha faci, da sunayen 'yan kasuwa a rubuce a jikinsu. Yakan saye su ko ya yi musayarsu da sababbi, a ɗinke su wuri ɗaya a lulluɓe manyan gine-gine da su, kamar yadda ya lulluɓe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Akra a 2016. Da abin da ya samu ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, inda yaran makaranta suke shiga kyauta. Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun gawayi a ka ya san abin da buhun yake faɗa ba sai an yi masa fassara ba.

Game da abinci kuwa, ba zan ruɗe ka ba, Alhaji. Waɗannan mutum biyu tsiraru ne a cikin ɗaruruwan da suka yi karatu tare da su, kuma babu uban da ya kamata ya ɗora lissafin gidansa a kan cewa 'yarsa za ta sayar da leda a Turai. Sai dai 'yarka aikin koyarwa take nufa, kuma a nan ne amfanin yake kusa. Tun 2018 kwalejojin horar da malamai suka koma ba da digiri na shekara huɗu, manhajar firamare da aka fara aiki da ita a 2019 kuma ta sanya darasin fasahar ƙirƙira a cikin abin da kowane yaro zai koya. Idan aka tura ta makarantar da ba ta da kuɗin sayen fenti da kwali, wanda shi ne halin makarantu da yawa, malamar da ta iya mayar da ƙyalle da gwangwani kayan koyarwa ta fi wadda za ta zauna tana jiran a kawo mata kaya daga ofis. Maƙwabtan da suke maganar bola kuma sai ka tuna musu cewa tukwanen da ake dafa abincin biki a unguwar daga tarkacen alminiyam ake narka su, maƙeran Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da ragowar tsofaffin motoci suke rayuwa, iyayenmu kuma da gwangwanin madara suka yi fitilar aci-balbal. Abin da za ka tsaya a kai shi ne tsabta: ta wanke ledojin da sabulu, su bushe sarai, kada ta tara su inda ruwa zai kwanta sauro ya hayayyafa.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. An ce kowannenmu ya ɗauki littafi ɗaya daga laburare ya gina aikinsa a kansa, aikin kuma ya shafi tattalin muhalli. Na rasa inda zan kama. Abokaina sun ce mafi sauƙi shi ne in samo tsofaffin littattafai in yayyanka shafukansu in yi furanni ko tsuntsaye da su, kamar yadda muke gani a intanet. Ya halatta in yi haka?
Daga wata ɗaliba a Asawase.

AMSA: Ƙanwata, mafi sauƙin shi ne mafi rauni. Furen da aka naɗe da shafin littafi yana da kyau a hoto, amma ba ya nuna cewa mai shi ya karanta ko layi ɗaya na shafin da ya yanka, kuma malamin da ya san aikinsa zai gane haka da kallo ɗaya. Abin da ake nema a wurinki shi ne ki karanta littafin har ki kai ga wurin da ya tsaya miki a rai, ko wata tambaya da marubucin ya tayar bai amsa ba, ko wani wuri da ya siffanta wanda kika san irinsa da idonki, sa'an nan ki nemi kayan da shi kansa yake ɗauke da wannan magana. Idan littafin labarin ƙasa kika ɗauka, ya yi bayanin rafukan da suka ratsa Kumasi irin su Subin da Aboabo, to ledar piya wata tana da hujjar shiga aikinki, domin ita ce take toshe magudanan da suke zuba a cikinsu. Idan littafin tarihin fatauci ne, mai maganar ayarin goro tsakanin Salaga da Kano, to ganyen da ake lulluɓe goro da shi da igiya da tsohon buhu sun fi leda dacewa. Idan kuwa ƙagaggen labari ne na yarinyar da ta baro ƙauye ta zo birni ɗaukar kaya, ƙyallen gammo da tsohon kwanon da aka daina ɗaukar kaya da shi za su yi magana fiye da duk abin da za ki saya a kanti. Kayan aikin ya fito daga cikin littafin, kada ki tara kaya tukuna ki koma neman littafin da za ki jingina masa.

Ina kuma ba ki shawara kada ki tsaya a kantar littattafan Turanci kaɗai. Mutanen Zango suna da gadon rubutu mai tsawo a ƙasar nan. Tun farkon ƙarni na 19 akwai malamai Musulmi a Kumasi da suke yi wa fadar Asante rubutu da Larabci, kuma wasu takardun wancan zamani suna ajiye har yau a ɗakin karatu na masarautar Denmak a Kopanhagen. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami a kan zuwan Turawa da sauran al'amuran zamaninsa, kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta tattara kwafin rubuce-rubuce irin waɗannan da yawa a shekarun 1960. Ɗalibar da ta tashi a Asawase, ta yi karatun allo kafin ta shiga boko, tana da abin da abokan karatunta ba su da shi. Allon kansa darasi ne a kan tattali, domin itace ɗaya ne ake rubutawa a wanke a sake rubutawa shekara da shekaru, alƙalaminsa na kara, tawadarsa ta gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, babu abin da ya rage wanda ƙasa ba za ta ci ba.

Maganar yanka littafi kuma tana da ƙa'ida. Littafin da yake kan kanta dukiyar kwaleji ne, ko da shekara ashirin ke nan ba wanda ya are shi. Ɗakunan karatu sukan tace kantocinsu lokaci-lokaci, su fitar da littattafan da suka lalace ko iliminsu ya tsufa, su soke su daga rajista su buga musu hatimi, kuma waɗannan kaɗai ne za ki iya nema, da izinin shugaban laburare. Ko a cikinsu ma a duba, domin tsohon littafin lissafi da aka buga dubbai daban yake da ɗan littafin da Hukumar Harsunan Gana ta buga a shekarun 1950 ko 1960, ko littafin Hausa da aka kawo daga Zariya a wancan zamani, wanda mai yiwuwa kwafin da ke hannunki yana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Irin wannan gyara yake buƙata, ba almakashi ba. Duk takardar da take ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah kuwa ba ta shiga wannan aiki ko kaɗan, haka ma littattafan ibadar abokan zamanmu Kirista, domin laburare na kowa ne. Idan kina son rubutun littafin ya bayyana a jikin aikinki, ki kwafe jimlar da hannunki, ko ki ɗauki hoton shafin a buga miki.

TAMBAYA: Malam, Allah Ya ƙara basira. Ina son shiga baje kolin, amma na ji wa'azi a kan haramcin yin siffar abu mai rai, sai zuciyata ta ƙi natsuwa. Akwai hanyar da zan shiga ba tare da na saɓa ba?
Daga wani ɗalibi a Sabon Zango, Kumasi.

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma mai faɗi ce. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin malamanmu na Afirka ta Yamma suke bi, abin da aka haramta shi ne mutum-mutumin abu mai rai wanda yake da jiki da inuwa, gaɓoɓinsa kuma cikakku, zanen da yake shimfiɗe a kan takarda ko bango kuwa an sassauta hukuncinsa zuwa karhanci ko abin da barinsa ya fi, ko da yake akwai malaman da suka tsananta a kan duka biyun. Abin da babu saɓani a kan halaccinsa shi ne itatuwa da koguna da gine-gine da zanen layuka da kusurwoyi, kuma a nan ne fasaharmu ta fi ƙarfi tun asali. Ka dubi zayyanar da ake yi wa allon mai saukar karatu, da aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagi da magina suke fitarwa a fuskar soro, da aikin dukawa a jikin gafaka. Za ka iya ɗaukar tsarin zayyana ka fitar da shi da yankakkun ƙyallayen tela ko marafan kwalaben lemo, sai dai ka tsaya ga zanen, kada ka rubuta aya a kan kayan da aka tsinto daga shara. Manufar baje kolin ma ba ta yi nisa da abin da ka taso da shi ba, tun da aya ta 31 ta Suratul A'araf ta yi umarni da ci da sha ta kuma hana almubazzaranci. Ka zana abin da kake nufin yi a takarda, ka kai wa malaminka ya gani kafin ka fara, domin ka yi aikin da kwanciyar hankali.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a wata kwaleji. Sashen fasaha ya nemi mu ba su wuri na wata guda. Shugabanmu ya amince, amma ni hankalina bai kwanta ba, domin kayan da za su shigo da su daga bola da kasuwa suke, mu kuma da ƙyar muke kare littattafanmu daga gara da danshi. Ga kuma masu karatun jarrabawa da ba sa son hayaniya. Yaya za mu yi?
Daga wata ma'aikaciya a Tafo.

AMSA: Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma ke ce ya kamata ki rubuta sharuɗɗan, ba sashen fasaha ba. Duk da haka ina ganin ki karɓi baƙin, domin ɗakin karatu ya fi kowane zaure dacewa da irin wannan nuni. Zauren baje koli sai wanda ya yi niyya yake shigarsa, laburare kuwa ɗalibin lissafi da na aikin gona da mai shara da malami duk suna ratsa shi kowace rana. Malaman fasaha na KNUST sun daɗe da fahimtar cewa aikin ɗalibi ba ya amfana idan ya tsaya a cikin sashensu, shi ya sa daga 2015 zuwa 2017 suka riƙa kwasar ayyukan ɗaliban shekarar ƙarshe suna kaiwa Gidan Tarihin Kimiyya da Fasaha da ke Akra domin jama'a su gani. Ribar da ke taku ita ce littafin da ya yi shekaru ba a taɓa shi ba zai sami mai tambayarsa.

Babban haɗarin shi ne ƙwari da funfuna. Duk abin da ya fito daga tsiro ko dabba, kamar buhu da kwali da itace da ƙwarya da fata da ƙyallen auduga, yana iya shigowa da ƙwan kyankyaso ko ƙwaron da ke huda itace, kuma da zarar sun sami kantar littattafai sun sami gida. Gidajen tarihi sukan ƙulle irin wannan kaya a cikin leda su sa a firiza mai tsananin sanyi kamar mako guda, wanda zai yiwu a wurinku idan wuta ta tsaya. In ba haka ba, a ƙulle shi a baƙar leda a ajiye a rana mai zafi na wasu kwanaki, sa'an nan a kakkaɓe a duba kafin ya shigo. Kada a karɓi aikin da aka yi da hatsi ko ɓawon 'ya'yan itace ko wani abin ci, haka nan wanda aka manna da sitacin rogo bai gama bushewa ba, domin sitaci abincin kyankyaso ne. Kumasi gari ne mai damina biyu, kuma a watannin ruwa ƙyallen da ya ɗan jiƙa yakan yi funfuna cikin kwanaki kaɗan, saboda haka a bar tazara tsakanin ayyukan da kantoci, kada kuma a jingina kome a bangon da yake tsattsafo da ruwa. Fenti na feshi da gam mai ƙarfin wari a gama da su a waje, a bar su su sha iska.

Sai kayan lantarki. Ɗalibai suna son su saboda suna da ban sha'awa, kuma sun ji labarin Agbogbloshie, filin tarkacen Akra da hukuma ta rushe a watan Yulin 2021, inda samari da yawa 'yan arewacin ƙasar nan suka yi shekaru suna ƙona waya domin fitar da tagulla. Hayaƙin robar waya guba ne, gilashin tsohuwar talabijin mai ƙeya yana ɗauke da dalma, dogon ƙwan lantarki yana da sinadarin makuri, batir kuma yana iya zubar da ruwa ko ya kama da wuta. Ki hana fasa waɗannan da ƙona su, ki yarda da abin da ba shi da haɗari kamar madannan kwamfuta da wayar da ba a ƙona ba. Tarin leda da takarda ma makamashi ne, don haka kada a rataye su kusa da soket ko a toshe ƙofar fita da su.

Littattafan da suka haifi ayyukan su ne zuciyar nunin, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure. Akan ɗauki littafin a kulle a akwatin gilashi kusa da taga, rana tana dukansa wata guda, alhali haske yana kashe launin tawada yana kuma mayar da takarda ruwan ƙasa, musamman takarda mai araha irin ta jarida, kuma abin da haske ya ci ba ya dawowa. Idan littafin tsoho ne mai daraja, a ajiye shi a inuwa, a tallafe bangonsa kada a buɗe shi ya kwanta shimfiɗe, a riƙa juya shafin, kada kuma salatif ya taɓa shi. Idan kuwa littafi ne na yau da kullum, to kulle shi ya rushe manufar, gara a ajiye shi a kan tebur kusa da aikin domin mai kallo ya ɗauka ya duba. Kowane aiki ya sami 'yar takardar bayani mai ɗauke da sunan ɗalibi da sunan littafin da lambarsa ta kan kanta da kayan da aka yi aikin da su da inda aka samo su, cikin jimloli uku ko huɗu da ɗalibin ya rubuta da kansa. Tun da iyaye za su zo daga unguwanni, babu laifi a ƙara bayanin da Hausa ko Twi ko Dagbani. Hayaniya kuma maganinta lokaci ne: a yi bikin buɗewa da yamma ko ranar Asabar, a kauce wa makonnin jarrabawa, a ware nunin a farfajiyar shiga da gefen matakala, a bar zauren karatu yadda yake. Ki riƙe lissafin sau nawa aka ari waɗannan littattafai kafin nunin da bayansa, domin shi ne abin da za ki nuna wa shugabanku idan aka zo maganar baɗi.

TAMBAYA: Malam, ni ban yarda da wannan abu ba. Mu a Nima mun san abin da shara take yi mana idan ruwa ya sauka. Ɗalibi ya tsinci leda ɗari biyu ya yi ado da su, an tafa masa, bayan wata guda an kwashe an mayar bola. Me aka rage?
Daga wani matashi a Nima, Akra.

AMSA: Ɗan'uwa, idan da awo za a auna, ba a rage kome ba, kuma duk mai shirya baje kolin da ya ce yana tsabtace gari da shi ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Ka ɗauki kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Akra kaɗai. Ƙungiyar Or Foundation, wadda take aiki a kasuwar, ta ƙiyasta cewa tufafin gwanjo kimanin miliyan 15 suke shigowa kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari suna fita a matsayin shara, ko da yake ƙungiyar dillalan gwanjo ta musanta, tana cewa abin da ake zubarwa bai kusanci haka ba. Ko wane adadi ka ɗauka, ɗaliban kwalejojin ƙasar nan gaba ɗaya ba za su ɗinke shi ba. Ambaliya da gobarar ranar 3 ga Yunin 2015 a shataletalen Kwame Nkrumah Circle na Akra, wadda ta ci rayukan mutane fiye da 150, toshewar magudanai tana cikin dalilanta, kuma maganin wannan yana hannun hukumomin birni da kamfanonin da suke yin ledar da dokar da za ta tilasta musu kwashe abin da suka saki.

Abin da nunin yake iya yi ƙarami ne, amma na gaske ne. Ɗalibin da ya wanke leda ɗari biyu da hannunsa, ya ƙirga, ya gane cewa wannan ledar ruwan da aka sha a ɗakin kwanansu ce cikin 'yan kwanaki, ya san wani abu da lacca ba ta koya masa ba, kuma idan malamin makaranta zai zama, yara da yawa za su ratsa ta hannunsa. Serge Attukwei Clottey na La, a nan Akra, ya yi shekaru yana yayyanka jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor yana ɗinke su da waya, kuma bai ƙarar da jarkokin garin ba, amma ya sa mutanen da ba su taɓa bin layin famfo ba suna tambayar dalilin da ya sa gida ɗaya yake buƙatar jarka goma.

Inda na tsaya tare da kai shi ne maganar mayarwa bola, kuma laifin yana wurin masu shiryawa. Ledar piya wata tana da kasuwa, akwai mata da samarin da suke tattara ta suna sayarwa a kilo ga masu narkawa, amma da zarar an shafe ta da gam da fenti an manna ta a kwali ta fita daga abin da za su saya. Sau da yawa ma ɗalibi yakan sayi sabon katako da sabon fenti da gam da suka fi sharar da ya ceto yawa. Saboda haka ya kamata a sa wa kowane ɗalibi sharaɗi tun ranar da ya kawo tsarin aikinsa, ya rubuta inda kowane ɓangare zai tafi bayan an rufe nunin, a kuma ba wannan maki kamar yadda ake ba kyan aikin. A fifita ɗinki da ɗauri da saƙa a kan manni, domin abin da aka ɗinka ana iya warware shi a raba leda gefe, waya gefe, ƙyalle gefe. Ayyuka biyu ko uku da suka fi inganci laburare ya riƙe su, waɗanda suka dace da koyarwa a ba makarantun firamare na kusa, katako da ƙusoshi a ajiye wa ɗaliban shekara mai zuwa, ledar da ta rage kuma a kira masu tattarawa su zo su auna a ranar da ake sauke kayan.